Siyasar tattalin arzikin gyaɗa a ƙasar Kano

Siyasar tattalin arzikin gyaɗa a ƙasar Kano wani reshe ne na binciken masana tarihi da tattalin arziki, wanda ke duba yadda shawarwarin masu mulki suka tsara noman gyaɗa da cinikinta a masarautar Kano da maƙwabtanta, tun daga isowar jirgin ƙasa a shekarar 1911 har zuwa rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. A tsakanin waɗannan shekaru gyaɗa ta tashi daga abin da ake shukawa a gefen gona domin mai da ƙuliƙuli, ta zama babbar hajar da Arewacin Najeriya ke fitarwa ƙasashen waje, sannan fitar da ita ta tsaya cik cikin 'yan shekaru. Bayanin da aka fi ji a bakin jama'a shi ne fari da cuta da samuwar man fetur suka kashe ta. Masu bincike sun yarda duk waɗannan sun faru, amma mafi yawansu sun fi mayar da hankali kan wasu tambayoyi: wa ya yanke inda layin dogo zai bi, wa ya sa haraji kuma yaushe ake karɓarsa, wa ke yanka farashi, kuma ina rarar kuɗin ta tafi.

Sunan fannin

Fannin da wannan bincike ya fito daga cikinsa shi ne nazarin alaƙar mulki da dukiya. A Turai ana danganta shi da Adam Smith (1776) da David Ricardo (1817) da Karl Marx (1867). Kafin su Ibn Khaldun ya yi bayani a cikin Muƙaddima (1377) kan yadda nauyin haraji ke karya gwiwar masu sana'a har kuɗin shigar hukuma su ragu. A ƙasar Hausa ma batun ba baƙo ba ne, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki jangali da kuɗin gari na sarakunan Haɓe a cikin Kitabul Farƙ.

A Hausa ana samun fassara iri biyu, "tattalin arzikin siyasa" da "siyasar tattalin arziki". Wannan maƙala ta ɗauki ta biyu, domin ta farko tana iya sa mai karatu ya zaci ana maganar kuɗin da 'yan takara ke kashewa ne. Kalmomi biyu daga cikin ukun aro ne daga Larabci. "Arziki" ta fito daga ar-rizƙ, harafin ta'arifi ya manne mata. "Siyasa" kuwa kafin zamanin jam'iyyu ma'anarta a Hausa lallami ce da iya tafiyar da mutane, kamar yadda har yau ake cewa a bi da wane da siyasa. "Tattali" ce kaɗai Bahaushiya tsantsa, kuma ita ce ke ɗauke da ma'anar kula da abu don kada ya salwanta.

Jirgin ƙasa da lissafin da bai ci ba

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Abin da suka sa rai a kai shi ne auduga. Masaƙun Lankasha suna neman wata hanyar samun auduga ban da Amurka, kuma Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1902, ta yi ta kururuta cewa ƙasar Hausa za ta cike wannan gurbi. Da wannan hujja aka amince da gina layin dogo daga Baro zuwa Kano a 1907, lokacin Winston Churchill yana ƙaramin minista a ma'aikatar ƙasashen mulkin mallaka, Percy Girouard kuma, wanda injiniyan layin dogo ne, yana gwamnan Arewa. Layin ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912.

Audugar ba ta zo yadda aka zata ba. Kano tana da masaƙa da marina da madunka masu yawa, kuma suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Turawa ke tayawa. Abin da ya cika taragu shi ne gyaɗa. A daidai wannan lokaci masana'antun Turai sun gano hanyar daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da shi, don haka farashin gyaɗa ya tashi a Libaful da Hambog da Marsai. A 1913 Najeriya ta fitar da kimanin tan 19,000, a 1916 kuma ya haura tan 50,000, alhali kafin zuwan jirgi abin da ake fitarwa bai taka kara ya karya ba.

Ga manomi lissafin a fili yake. Gyaɗa tana son jigawa irin ta Kano, ana haɗa ta da gero ko dawa a gona ɗaya, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, idan kuma kasuwa ta faɗi ana iya cin ta ko a matse mai. Auduga ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai a jira mai saye.

Saɓanin Hogendorn da Shenton

A nan ne babbar muhawarar farko ta taso. Jan Hogendorn, a littafinsa Nigerian Groundnut Exports da maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar tare da ta Okusfod a 1978, ya ce bunƙasar gyaɗa aikin manoman Hausa ne da fataken Hausa, kuma ta faru ne ba da son gwamnati ba. Ya nuna cewa kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, sai suka jingina da fataken goro na Kano, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riga suka mallaki jari da yara da amana a karkara. Su ne suka shiga ƙauyuka suna ba da kuɗi da kaya tun kafin shuka, suna yaɗa labarin farashi. Alhassan Ɗantata (1877–1955), wanda ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja, shi ne ya fi shahara a cikinsu, kuma ya zama babban mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa.

Robert Shenton, a littafinsa The Development of Capitalism in Northern Nigeria na 1986, bai musanta ƙwazon fatake ba, amma ya ce an bar haraji a baya cikin labarin. Turawa sun haɗe kuɗin ƙasa da zakka da sauran kuɗaɗen da sarakuna ke karɓa suka mayar da su haraji guda, suka tura hakimai daga birni su zauna a gundumomi don karɓarsa, suka kafa baitulmali, sannan sannu a hankali suka daina karɓar wuri da hatsi, sai sule da fam. A wasu gundumomin Kano har auna gonaki aka yi da taki ana sa kuɗi gwargwadon faɗi. Mutumin da dole ya kawo tsabar kuɗin Bature a kaka, in ji Shenton, ba za a ce ya zaɓi gyaɗa da ra'ayin kansa kawai ba. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru a shekarun 1930, lokacin da kasuwannin duniya suka karye: farashin gyaɗa ya faɗi warwas, harajin bai sauka daidai da shi ba, manoma kuwa maimakon su rage sai suka ƙara noma ta don su cike giɓi. Wanda ke bin riba kaɗai ba ya ƙara noma abin da ya faɗi. Moses Ochonu ya sake bin wannan zamani a littafinsa Colonial Meltdown na 2009.

Michael Watts ya ɗauki maganar ya kai ta ga yunwa. Ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina, ya fitar da Silent Violence a 1983. Ra'ayinsa shi ne fari daga Allah yake, amma ko fari zai zama yunwa ya danganta da abin da ya rage a rumbu, da wanda ake bin bashi, da ko hukuma ta sassauta haraji a shekarar. Ya bi yunwar 1914 da ta 1927 da ta 1942 ɗaya bayan ɗaya, yana nuna yadda haraji da bashi suka raunana tsofaffin hanyoyin da jama'a ke rufa wa juna asiri. Masana tarihi na Zariya, irin su Yusufu Bala Usman da Mahmud Modibbo Tukur da Sule Bello, sun fi kusa da wannan ɓangare, sai dai sun fi dogara da rubuce-rubucen Larabci da hira da dattawa, kuma sun fi tsananta suka ga mulkin mallaka.

Mai karatu zai iya lura cewa ɓangarorin biyu ba shekaru ɗaya suke kallo ba. Bayanin Hogendorn ya fi dacewa da 1912 zuwa 1914, lokacin da farashi ya yi kyau har mutane suka yi rububi. Na Shenton ya fi ƙarfi bayan 1929, shekarar da Kamfanin Neja ya haɗe da babban abokin gasarsa suka zama UAC, masu saye suka ragu, gasa ta yi sanyi.

Zamanin hukumar ciniki

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sa gwamnati ta shiga cinikin da kanta. Daga 1942 wata hukuma ta Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Landan ta zama ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa. Da yaƙi ya ƙare ba a saki kasuwar ba. An kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya a 1949, a 1954 kuma, da aka ba jihohi uku ƙarin iko, aka mayar da aikin hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, wadda ta haɗa gyaɗa da auduga da riɗi da waken soya.

Tsarin yana tafiya kamar haka. Kafin kaka hukuma za ta sanar da farashin tan ɗaya na shekarar. Ba kowa ke da izinin sayar mata ba sai wakilai masu lasisi, waɗanda da farko kusan dukkansu kamfanonin Turawa ne da Kwarori, kafin Ɗantata da wasu attajiran gida su samu shiga a farkon shekarun 1950. Wakili yana da 'yan baranda, su kuma suna da yaransu a ƙauyuka, kuma kowane mataki yana cire ladansa. Farashin da aka sanar na bakin tashar jirgi ne. Duk garin da ya yi nisa da tasha, ana cire kuɗin dako daga abin da za a biya a can.

Wannan ya shafi yammacin Kano kai tsaye. Gwarzo da Kabo suna tsakanin layuka biyu ne, na Zariya zuwa Kano ta gabas, da na Zariya zuwa Funtuwa da Ƙauran Namoda ta yamma, kuma babu wanda ya ratsa ta cikinsu. Manomi a Unguwar Tudu ko Getso ko Garo, gyaɗarsa sai ta hau jaki ko raƙumi, daga baya mota, kafin ta ga sikelin da farashin gwamnati ke aiki a kansa. Idan kuma ya ci bashi a hannun ɗan baranda cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, to ya riga ya sayar da ita tun tana cikin ƙasa. Kaka na yi, mai unguwa da dagaci suna bakin ƙofa da takardar haraji, don haka ba shi da sararin ajiye ta ya jira.

Hujjar da aka kafa hukumar a kanta ita ce kare manomi daga hawa da saukar farashin duniya: a ajiye wani abu a shekarar tsada, a cika masa a shekarar araha. P. T. Bauer, a littafinsa West African Trade na 1954, ya ce wannan suna ne kawai, domin ajiyewa ake ta yi ba a mayarwa, kuma kuɗin suna zaune a Landan cikin takardun bashin gwamnatin Birtaniya, wato talakan Kano yana ranta wa Ingila ba da saninsa ba. Gerald Helleiner, wanda ya fitar da babban littafinsa kan noman Najeriya a 1966, shi ne ya zauna ya yi lissafin. Ya haɗa rarar hukuma da harajin fitar da kaya da harajin sayarwa daga 1947 zuwa 1961, ya samu cewa an riƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga hannun manoman gyaɗa. A sauƙaƙe, cikin kowane buhu huɗu, ɗaya na hukuma ne, ban da harajin da ake biya ta hannun hakimi. Helleiner bai kai Bauer zafi ba. Yana ganin ƙasar da ba ta da masana'antu ba ta da inda za ta samo kuɗin hanyoyi da makarantu in ba daga amfanin gona ba, don haka a wurinsa abin tambaya shi ne me aka yi da kuɗin.

Wani ɓangare ya tafi ga abubuwan da ake gani. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 an kafa ta ne da kuɗin hukumar ciniki da hukumar raya Jihar Arewa tare da wani kamfanin Ingila. An kuma sa kuɗi a hanyoyi da binciken noma na Samaru. Wani ɓangaren ya bi hanyar jam'iyya. A Jihar Yamma, kwamitin Coker na 1962 ya bankaɗo yadda kuɗin koko suka zagaya ta wani kamfani suka shiga asusun jam'iyyar AG. A Arewa masana irin su Richard Sklar da C. S. Whitaker sun nuna yadda lasisi da rance da kwangila suka fi sauƙin samu ga attajiran da ke tare da NPC, da kuma yadda sarauta da jam'iyya suka cuɗanya. Gwarzo kanta misali ce: Bello Dandago, Sarkin Dawaki Mai Tuta, ya riƙe hakimcinta kuma yana wakilci a majalisar tarayya a ƙarƙashin NPC. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta gina farin jininta a karkara ne kan koke game da haraji da aikin tilas da kotunan En'e.

Dalar gyaɗa, wadda ta zama alamar wancan zamani har aka sa ta a takardar kuɗi da kan sarki, tana da fuska biyu. Ana danganta fara ta ga Ɗantata, kuma ana cewa dala ɗaya tana cin buhu kusan 15,000. Alama ce ta yawan amfani, amma kuma alama ce ta gazawar jirgi, domin abin da ke sa a tara buhuna haka a Ƙofar Mazugal da sauran filaye shi ne layin dogo ba ya iya kwashe amfanin shekara kafin na wata ya shigo.

Faɗuwa

A kakar 1966 zuwa 1967 hukuma ta sayi kimanin tan miliyan ɗaya, kuma a shekarun nan Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Shekara goma bayan haka ba ta fitar da komai, har ta koma shigo da man girki.

Abubuwa sun zo a jere. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rufe layin Fatakwal, kuma gwamnatocin sababbin jihohi, da ke neman kuɗi ido rufe, sun riƙe farashi a ƙasa. Fari ya biyo baya daga 1972 zuwa 1974. A 1975 cutar rozet, wadda manoma ke kira kuturta kuma ƙwarin darɓa ke yaɗa ta, ta lalata kusan hekta 700,000 a Arewacin Najeriya. Mutane da yawa sun rasa har irin shuka.

Abin da masu binciken siyasar tattalin arziki ke jaddadawa shi ne gyaɗa ta fara guje wa hukuma tun kafin farin. John Collins ya yi nazarin yadda take tsallaka iyakar Najeriya da Nijar a ɓoye, tana bin duk ɓangaren da farashi da darajar kuɗi suka fi kyau a shekarar, Emmanuel Grégoire kuma ya nuna a littafinsa kan Alhazan Maraɗi na 1986 yadda cinikin iyaka ya gina manyan attajirai a can. A cikin gida ma mata masu ƙuliƙuli da injinan matsar mai na Kano sukan biya fiye da hukuma. Saboda haka raguwar da ake gani a littattafan hukumar ciniki ba duka raguwar noma ba ce, wani ɓangare nata canjin mai saye ne. Wannan matsala ce ga duk mai amfani da alƙaluman wancan lokaci, domin abin da aka auna a sikelin gwamnati kaɗai aka rubuta.

Sai man fetur. Farashinsa ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. Kuɗi suka cika birane, aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975, gine-gine suka ja matasa daga gona, ladan ƙwadago ya tashi. Gwamnati ta riƙe naira da tsada, har a 1980 naira ɗaya ta kusa dala biyu, abin da ya sa kayan waje suka yi araha, amfanin gonar da za a fitar kuma ya rasa riba. Masana suna kiran wannan ciwon Holan, sunan da mujallar The Economist ta ƙirƙiro a 1977. Sai dai ciwon ba ya kama kowa daidai. Indonesiya ma ta samu kuɗin mai a shekarun nan, amma ta karya darajar kuɗinta a 1978, ta zuba jari a ban ruwa da taki da hanyoyin karkara, har ta ciyar da kanta da shinkafa a 1984. Peter Lewis ya kwatanta ƙasashen biyu a littafinsa Growing Apart na 2007, ya danganta bambancin ga yadda masu mulki suka tsara kansu da waɗanda suke jin tsoro.

Robert Bates, a Markets and States in Tropical Africa na 1981, ya ba da bayanin da ya fi yaɗuwa kan dalilin da gwamnatocin Afirka ke matse manoma. Manoma suna da yawa amma a warwatse suke, ma'aikata da sojoji da masu masana'antu kuwa 'yan kaɗan ne amma suna bakin fadar gwamnati, kuma suna son abinci da araha. Ya ƙara da wata lura mai kaifi: ɗan siyasa ya fi son raba taki ko rance a kan ƙara farashi, domin farashi mai kyau yana isa ga kowa har ɗan adawa, buhun taki kuwa ana iya zaɓar wanda za a ba.

Akwai kuma batun inda gwamnati ke samun kuɗinta. A zamanin gyaɗa, musamman bayan rahoton Raisman na 1958, harajin fitar da amfanin gona yana komawa jihar da ta noma shi, don haka Kaduna tana matsar manomi amma ba ta son ya daina noma. Da kuɗin shiga suka koma rabon da ake yi daga Legas, wannan igiya ta tsinke. A 1973 gwamnatin Gowon ta karɓe ikon yanka farashi daga jihohi ta kuma ɗaga shi, a 1977 gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumomi na ƙasa, ta gyaɗa a Kano, ta auduga a Funtuwa, amma a lokacin babu abin kirki da ya rage da za su saya. Hatta soke haraji da jangali da Abubakar Rimi ya yi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna a 1979, wanda cika alkawarin NEPU ne na kusan shekara talatin kuma talakawa suka yi murna da shi ƙwarai, ya yiwu ne saboda jiha ta daina dogara da aljihun manomi.

Kuɗin noma na shekarun mai sun fi tafiya ga manyan madatsun ruwa. An gama Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, da niyyar noman alkama a Kadawa. Gunilla Andrae da Björn Beckman, a The Wheat Trap na 1985, sun nuna yadda shigo da alkama mai araha ya sa birane suka saba da burodi, sannan aka kashe maƙudan kuɗi ana ƙoƙarin noma ta a inda sanyin hunturu bai cika isarta ba. Madatsar Challawa da ke Ƙaraye, maƙwabciyar Gwarzo da Kabo, an kammala ta a 1992.

Masu kallo daga cikin ƙauye

Ba duk masu bincike ne suka yarda a fara daga gwamnati ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a 1967 sannan a Dorayi ta bayan ganuwar Kano a farkon shekarun 1970, ta ce kalmar "manoma" tana ɓoye bambanci mai girma. A ƙauye ɗaya akwai mai rumbuna da ke sayen hatsi a kaka ya sayar a bazara, akwai kuma wanda talauci ya hana shi noma gonarsa domin dole ya yi ƙwadago a ta wani ya ci abinci. Farashi ɗaya ba ya yi musu aiki ɗaya. Paul Clough, wanda ya yi shekaru yana bincike a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi, ya nuna cewa attajirin karkara yana tara dukiya ne ta hanyar tara mutane, wato mata da 'ya'ya da barori da waɗanda yake ba bashi, kuma addini da kunya suna iyakance abin da zai iya yi musu. Wannan binciken ya fi kowanne kusa da yanayin Gwarzo, domin hanya ɗaya ce ta haɗa ta da Malumfashi ta Dayi, kuma kasuwanninsu suna cin juna.

Bayan 1986

Gwamnatin Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, ta karya darajar naira, ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona a ƙarshen shekarar. Masu bin ra'ayin Bauer da Bates sun sa ran fitar da gyaɗa zai farfaɗo. Bai farfaɗo ba. Masu sukar shirin, ciki har da Bala Usman wanda ya fitar da Nigeria Against the IMF a wannan shekara, sun ce an cire hannun hukuma daga inda take da amfani, wato iri da tantance inganci da rance, an bar manomi da tsadar taki. Ƙasashen Turai kuma sun tsaurara doka kan gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa, ga man waken soya da manja sun ƙwace kasuwar.

Noman kansa ya dawo. Cibiyar binciken noma ta Samaru tare da ICRISAT, wadda ke da reshe a Kano, sun fitar da irin SAMNUT masu jure kuturta da saurin nuna, kuma a yau Najeriya tana cikin manyan masu noman gyaɗa a duniya, tana noma fiye da abin da ta noma a zamanin dala. Bambancin shi ne kusan duka a gida ake cinye ta, ta hanyar kasuwanni irin su Dawanau da injinan mai da matan da ke soya ƙuliƙuli. Binciken da ake yi yanzu ya fi karkata ga rabon taki mai rangwame, da shirin rancen manoma da Babban Bankin Najeriya ya fara a Kebbi a 2015, da rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wanda ya ɗaga kuɗin dako daga garuruwa irin su Gwarzo da Kabo zuwa Kano.